Rajistocin Sojan Gayya da Siyasar Cikin Gida a Yaƙin Amurka da Ingila na 1812 zuwa 1815

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan wani nau'i na takardun tarihi wanda manazarta ba su cika ba shi matsayin da ya kamace shi ba, watau rajistocin sojan gayya, sa'an nan mu nuna irin hasken da suke bayarwa game da siyasar cikin gida ta ƙasar da ta shiga yaƙi. Bisa al'ada, idan ana ba da tarihin yaƙi, abin da aka fi dogara da shi shi ne wasiƙun shugabanni da jakadu, da rahotannin manyan hafsoshi, da labarin wanda ya yi rinjaye a fagen daga. Waɗannan duka suna da amfani, amma masu rubuta su sun san za a karanta, don haka sukan gyara zance. Shi kuwa magatakardan kamfanin soja, wanda ke rubuta sunan wanda ya zo da wanda ya gudu, burinsa kawai lissafin albashi ya daidaita. Saboda haka ne sau da yawa takardarsa take fallasa abin da manya suka sakaya.

Misalin da muka ɗauka shi ne yaƙin da aka yi tsakanin Amurka da Ingila daga watan Yuni na 1812 zuwa watan Fabrairu na 1815. Dalilinmu na zaɓen sa kuwa biyu ne. Na farko, mafi yawan mutanen da suka ɗauki makami a ɓangaren Amurka sojan gayya ne, kuma rajistocinsu suna nan a adane da yawa. Na biyu, yaƙi ne wanda jam'iyya ɗaya ta so, ɗaya kuma ta ƙi, ga shi kuma ikon fitar da sojan gayya yana hannun gwamnonin jihohi, waɗanda wasunsu 'yan jam'iyyar da ta ƙi yaƙin ne. Za mu duba abubuwa huɗu: dokar da ta kafa wannan soja, da yadda aka shiga yaƙin, da ire-iren rajistocin da abin da suke nunawa, sa'an nan hattarar da ya wajaba mai nazari ya yi da su.

2.0 Ma'anar Sojan Gayya da Dokokinsa

Ya kamata tun farko mu daidaita kalma. Abin da Turawa ke kira milishiya an saba fassara shi da sojan sa-kai, amma wannan fassara ba ta dace da abin da muke magana a kai ba, domin mutanen nan doka ce ta tilasta musu. Mun ga ya fi kyau mu kira su sojan gayya, tun da manoma ne da maƙera da 'yan kasuwa waɗanda ake kira su bar sana'arsu su yi aikin jama'a na ɗan lokaci, kana su koma gida. Wanda aikin soja ne sana'arsa, yana kuma ƙarƙashin gwamnatin tarayya, shi za mu kira sojan dindindin.

Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya raba iko a kan sojan gayya gida biyu. Majalisar Dokoki ta tarayya tana da ikon tsara yadda za a kira su don abubuwa uku kaɗai: zartar da dokokin tarayya, da murƙushe tawaye, da korar abokan gaba idan sun kawo hari. Naɗa hafsoshi kuwa da ba da horo an bar wa jihohi. Dokar da aka kafa a watan Mayu na 1792 ta ce a rubuta sunan duk wani namiji farar fata, ɗa, mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, a kamfanin gundumarsu, kuma shi zai nemo bindigarsa da harsashinsa. Wata doka ta 1795 ta iyakance wa'adin da shugaban ƙasa zai riƙe su, watau wata uku a shekara. Da yaƙi ya ƙarato, sai a watan Afrilu na 1812 Majalisa ta ba shugaban ƙasa izinin neman mutum 100,000 daga jihohi, a kan wa'adin da bai wuce wata shida ba.

Wannan dogaro da sojan gayya yana da tushe a aƙidar siyasa. Jam'iyyar Rifablikan ta Thomas Jefferson da James Madison, wadda ta karɓi mulki a 1801 (ita dabam ce da jam'iyyar da ke da wannan suna a yau), tana ganin babbar rundunar dindindin makamin azzalumin sarki ce, kuma hanya ce ta ɗora wa talaka haraji. Don haka ta rage soja, ta rage haraji, a 1811 kuma Majalisa ta ƙi sabunta izinin Bankin Amurka. Ko da aka amince a watan Janairu na 1812 a kai yawan sojan dindindin wajen 35,000, lokacin da aka shiga yaƙi ba su kai 12,000 ba, da yawansu kuma sababbin shiga ne. Ashe ke nan ƙasar ta fuskanci Ingila ba ta da isasshen soja, ba ta da banki, sai fatan gwamnonin jihohi za su amsa kira.

3.0 Yadda Aka Shiga Yaƙin

Dalilan da Shugaba Madison ya gabatar wa Majalisa ran 1 ga Yuni, 1812 sanannu ne. Ingila tana yaƙi da Faransa ta Napoleon, jiragen ruwanta na yaƙi suna tare jiragen kasuwancin Amurka suna kwashe dubban matuƙa suna tilasta musu aikin soja, dokokinta na 1807 sun hana cinikin Amurka da tashoshin da ke hannun Faransa, kuma ana zargin wakilanta a Kanada da zuga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, musamman bayan gwabzawar Tippecanoe ta watan Nuwamba na 1811 da mabiyan Tecumseh da ɗan'uwansa. Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai yadda aka kaɗa ƙuri'a ya nuna akwai wani abu bayan haka.

Majalisar Wakilai ta amince da yaƙi da ƙuri'a 79, masu ƙi 49. Majalisar Dattijai kuma 19 da 13. Madison ya sa hannu ran 18 ga Yuni. Duk 'yan Jam'iyyar Fedaralis da ke majalisun biyu sun ƙi, babu ko ɗaya da ya goyi baya. Abin lura kuma shi ne, yankin da ya fi kowane jiragen kasuwanci da matuƙa, watau jihohin arewa maso gabas da ake kira New England, shi ya fi ƙin yaƙin da aka ce don kare matuƙa ake yin sa. Masu ɗokin yaƙi kuwa, irin su Henry Clay na Kentucky, shugaban Majalisar Wakilai, da John C. Calhoun na Carolina ta Kudu, daga yamma da kudu suka fito.

Masana sun yi saɓani a kan fassarar wannan. Julius Pratt, a littafinsa na 1925, ya jingina abin ga kwaɗayin ƙasa: mutanen yamma suna son Kanada, na kudu suna son Florida. Roger Brown kuwa, a 1964, ya nuna cewa jam'iyya ta fi yanki tasiri a wannan ƙuri'a, domin 'yan Rifablikan sun ga cewa takunkumin ciniki da suka gwada tun daga 1807 ya faskara, idan kuma suka ja da baya to jam'iyyarsu da tsarin jamhuriya kansa za su zubar da mutunci, ga zaɓe yana tafe. Mu mun fi karkata ga ra'ayi na biyu, kuma muna ganin rajistocin sojan gayya suna ƙarfafa shi. Ya kamata a tuna cewa Ingila ta soke dokokin cinikin nan ran 23 ga Yuni, kwana biyar bayan ayyana yaƙi, amma da labari ya iso ba a fasa ba. A zaɓen ƙarshen shekarar Madison ya sami ƙuri'ar wakilai 128, abokin takararsa DeWitt Clinton ya sami 89.

4.0 Ire-iren Rajistocin

Takardun da muke nufi za a iya kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne rajistar kiran suna. Kyaftin na kowane kamfani shi ke da alhakin ta. Akan cika ta ranar da aka shiga aiki, da ranar sallama, da kuma duk bayan wata biyu idan aikin ya daɗe. Tana ɗauke da suna, da muƙami, da ranar shiga, da wa'adi, sa'an nan wani gurbi a gefe na ƙarin bayani, inda akan rubuta ko mutum ba shi da lafiya, ko ya mutu, ko ya gudu, ko an kama shi, ko kuma wani ne ya zo a madadinsa. Wannan gurbi na gefe shi ne ya fi amfani ga mai nazarin siyasa.

Kashi na biyu rajistar albashi ce da ta sa hannun karɓa. Daga ƙarshen 1812 albashin ƙaramin soja dala 8 ne a wata. Wanda bai iya rubutu ba yakan yi alama a gaban sunansa, saboda haka takardar tana ba da haske har a kan yaɗuwar ilmin karatu daga gunduma zuwa gunduma. Tana kuma nuna wanda ya biya, ko tarayya ko jiha, da tsawon jinkirin da aka yi kafin a biya.

Kashi na uku shi ne littattafan umarni, da wasiƙun gwamnoni da Ma'aikatar Yaƙi, da takardun shari'ar soja. Kashi na huɗu kuwa takardun bayan yaƙi ne, watau na neman fili da fensho, waɗanda za mu yi magana a kansu nan gaba.

A ƙarshen ƙarni na 19, ofishin rajista da fensho na Ma'aikatar Yaƙi, a ƙarƙashin Fred C. Ainsworth, ya bi waɗannan rajistoci yana kwafe bayanin kowane soja a kan kati, ana tara katunan mutum ɗaya cikin ambulan ɗaya. Su ne suke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a birnin Washington. Jihohi ma sun buga nasu: Virginia a 1851 da 1852, Kentucky a 1891, Massachusetts a 1913, Ohio a 1916.

5.0 Abin da Rajistocin Suke Nunawa

5.1 Jihohin da Suka Ƙi

Abu na farko da mai duba rajistocin 1812 zai lura da shi shi ne giɓi. Lokacin da Janar Henry Dearborn ya nemi kamfanoni daga New England don tsaron gaɓar teku, Gwamna Caleb Strong na Massachusetts da Gwamna Roger Griswold na Connecticut da Gwamna William Jones na Rhode Island, dukansu 'yan Fedaralis, sun ƙi miƙa mutanensu. Hujjarsu ita ce ba a kawo wa ƙasa hari ba, saboda haka babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku na tsarin mulki da ya cika, kuma ba za su sa 'yan jiharsu ƙarƙashin hafsoshin tarayya ba. Alƙalan babbar kotun Massachusetts sun ba Strong fatawa a watan Agusta na 1812 cewa gwamna ne ke da ikon yanke ko sharaɗin ya cika. Iyakar abin da ya yi shi ne tura 'yan kamfanoni kaɗan zuwa gabashin Maine, wadda a lokacin yanki ce ta Massachusetts. A watan Nuwamba na 1813 kuma Gwamna Martin Chittenden na Vermont ya ba da umarni sojan gayyar jiharsa da ke aiki a Jihar New York su komo gida.

Idan aka kwatanta wannan da Kentucky, sai bambanci ya fito fili. A can gwamna da kansa, Isaac Shelby, dattijo wanda ya haura shekara 60, shi ya ja dubban mutanen jiharsa suka ƙetara cikin Kanada, suka halarci gwabzawar Kogin Thames ran 5 ga Oktoba, 1813, inda aka kashe Tecumseh. Watau taswirar yawan sunaye a rajistar 1812 da 1813 ta yi kama ƙwarai da taswirar ƙuri'ar watan Yuni.

Sai a 1814 ne rajistocin Massachusetts suka cika, bayan da Ingila ta mamaye Castine da gabashin Maine a watan Satumba, tsoro ya kama mutanen Boston. Strong ya fitar da dubban mutane, amma a ƙarƙashin hafsoshin jiha. Gwamnatin tarayya ta ce tun da haka ne ba za ta biya ko anini ba. Wannan rikicin kuɗin tsaro, tare da shawarar da Sakataren Yaƙi James Monroe ya kawo a watan Oktoba ta ɗibar mutane dole zuwa sojan tarayya, su ne suka kai ga taron Hartford, inda wakilai 26 suka zauna daga 15 ga Disamba, 1814 zuwa 5 ga Janairu, 1815. Cikin buƙatunsu har da a bar wa jihohi wani kaso na harajin tarayya don su tsare kansu, kuma kada a sake ayyana yaƙi sai da yardar kashi biyu cikin uku na Majalisa.

5.2 Bakin Iyaka

Ko inda gwamna ya amsa kira, akwai sauran magana. Ran 13 ga Oktoba, 1812 sojan Amurka sun ƙetare Kogin Niagara suka kama tudun Queenston, har Janar Isaac Brock na Ingila ya faɗi a wurin. Amma da aka nemi sauran sojan gayyar New York su ƙetara su kai ɗauki, sai da yawansu suka ce doka ta kira su ne don tsaron ƙasa, ba ta wajabta musu fita wajenta ba. Suna tsaye a gaɓa aka kama fiye da mutum 900 na 'yan'uwansu. Ko shakka babu tsoro yana ciki, amma hujjar da suka kafa ita ce wadda jaridun Fedaralis suke ta yayatawa tun watan Yuni. Irin wannan ya sake faruwa ga Dearborn a watan Nuwamba, a kan hanyarsa ta zuwa Montreal.

Shugabancin rundunar ma siyasa ce ta haifar da shi. Kwamandan Queenston, Stephen Van Rensselaer, attajiri ne ɗan Fedaralis wanda bai taɓa jan runduna a fagen fama ba, Gwamna Daniel Tompkins ɗan Rifablikan ne ya naɗa shi, kuma su biyun ne suka yi takarar gwamna a 1813, Tompkins ya ci. Haka nan Janar William Winder, wanda aka ɗora wa tsaron Washington, aka kuma fatattaki rundunarsa a Bladensburg ran 24 ga Agusta, 1814 har Ingilishi suka ƙone fadar shugaban ƙasa da ginin Majalisa, ɗan ɗan'uwan gwamnan Maryland ne Levin Winder, ɗan Fedaralis, wanda ake buƙatar sojan gayyar jiharsa.

Ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya a nan. A tsaron Baltimore a watan Satumba na 1814, da na New Orleans ran 8 ga Janairu, 1815, sojan gayya sun tsaya daram. Abin da za a fahimta shi ne, mutumin da ke kare garinsu a bayan ganuwa dabam yake da wanda aka ce ya bar gonarsa ya je cin ƙasar wasu a kan manufar da rabin maƙwabtansa ba su yarda da ita ba.

5.3 Rikicin Wa'adi

Saɓanin da ke tsakanin wa'adin wata uku na dokar 1795 da na wata shida na dokokin lokacin yaƙi ya jawo fitina mai yawa, kuma gurbin ƙarin bayani na rajista cike yake da ita. Misali mafi shahara shi ne na mutanen Tennessee da ke ƙarƙashin Janar Andrew Jackson. An ɗauke su a watan Yuni na 1814, da wata uku ya cika a watan Satumba sai kimanin 200 suka kama hanyar gida, suna cewa wa'adinsu ya ƙare. Aka rubuta su a matsayin masu tawaye da gudu, aka yi musu shari'ar soja a Mobile, aka harbe shida ran 21 ga Fabrairu, 1815, alhali an riga an sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Ghent tun 24 ga Disamba, 1814.

Bayan shekara 13, da Jackson ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1828, abokan hamayyarsa suka buga takardun yaɗawa masu zanen akwatunan gawa shida. Majalisar Wakilai ta sa aka kawo mata takardun shari'ar da rajistocin daga Ma'aikatar Yaƙi, aka buga su, kowane ɓangare yana neman hujja a ciki. Jackson ya ci zaɓen, amma wannan ya nuna cewa rajista da kanta takan zama makamin siyasa.

5.4 Ɓangaren Kanada

A Kanada ta Sama, wadda ita ce Ontario ta yau, doka ta ɗora aikin gayya a kan maza daga shekara 16 zuwa 60. Matsalar hukuma a can ita ce mafi yawan mazauna ƙasar 'yan asalin Amurka ne da suka zo neman fili. A farkon 1812 majalisar lardin ta ƙi ba Brock ikon tsare mutane ba tare da shari'a ba. Da Amurkawa suka ci garin York a watan Afrilu na 1813, mutane da yawa waɗanda ba su halarci faɗan ba sun riƙa zuwa da ƙafarsu don a rubuta su cikin waɗanda aka kama aka saka bisa alkawarin ba za su sake ɗaukar makami ba, domin wannan takarda tana kuɓutar da su daga kiran gayya. Wani ɗan majalisar lardin, Joseph Willcocks, ya koma ɓangaren Amurka a 1813 ya kafa rundunarsa, kuma a 1814 an rataye mutum takwas bayan shari'ar cin amana da aka yi a Ancaster. Duk da haka, bayan yaƙi manyan lardin, musamman limamin coci John Strachan, sun yaɗa cewa sojan gayya ne suka ceci Kanada. Masana na baya da suka koma ga rajistoci sun nuna cewa nauyin yaƙin ya fi faɗawa kan sojan dindindin na Ingila da mayaƙan 'yan asalin ƙasar.

6.0 Rajista Bayan Yaƙi

Tambayar wa ke da ikon cewa lokacin kira ya yi ba ta sami amsa ba sai a 1827, a shari'ar wani sojan gayya na New York mai suna Jacob Mott, wanda ya ƙi amsa kira aka ci shi tara. Kotun Ƙoli, ta bakin Alƙali Joseph Story, ta yanke cewa shugaban ƙasa ne kaɗai ke da wannan iko. Massachusetts kuwa ta daɗe tana bin bashin abin da ta kashe, sai a 1830 Majalisa ta amince a biya ta fiye da dala 400,000, sauran kuma sai a 1859.

Ga shi kansa sojan, amfanin rajista ya zo daga baya. A lokacin yaƙi sojan dindindin ne aka yi wa alkawarin fili, eka 160, aka mai da shi 320 a watan Disamba na 1814. Sojan gayya bai shiga ba sai da dokar 1850, sa'an nan dokar 1855 ta ba da eka 160 ga duk wanda ya yi kwana 14. Fensho na gama-gari bai zo ba sai a 1871, ga wanda ya yi kwana 60, kuma da sharaɗin bai goyi bayan 'yan tawayen Kudu ba a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. A nan ma mun ga siyasar wani zamani ta shiga takardun wani. Dokar 1878 ta rage sharaɗin zuwa kwana 14. Fayilolin da aka tara ta wannan hanya sun kai kimanin 180,000, kuma tsohon soja na ƙarshe, Hiram Cronk, ya rasu a 1905.

7.0 Hattara ga Mai Nazari

Na farko, rajista tana ƙidaya shiga aiki ne. Adadin da aka saba kawowa na sojan gayya, watau kimanin 458,000, ya haɗa da wanda aka kira sau biyu ko uku, wani ma na 'yan kwanaki kawai. Shi ya sa wani lissafin na hukuma ya ba da 286,730 a matsayin jimillar duk waɗanda suka yi aikin soja a yaƙin. Wanda ya gwama adadin biyu ba tare da sanin asalinsu ba zai ɓata.

Na biyu, kalmar gudu a rajista tana rufe abubuwa da yawa: matsoraci, da wanda ya tafi girbi, da wanda aka yi watanni ba a biya shi ba, da wanda ya gaskata wa'adinsa ya cika. Dole a haɗa rajistar da ta albashi da lokacin shekara da sakamakon zaɓen gundumar kafin a yanke hukunci.

Na uku, doka ta yarda mai hali ya yi hayar wani ya je a madadinsa, don haka sunan da ke takarda ba kullum ne yake nuna ra'ayin gidan da aka kira ba.

Na huɗu, akwai waɗanda rajista ba ta gani. Dokar 1792 ta ware baƙar fata, in ban da wurare kaɗan kamar Louisiana, inda bataliyoyin baƙaƙe 'ya'ya suka yi yaƙi a New Orleans. Dubban bayi sun gudu zuwa jiragen Ingila, musamman bayan sanarwar Admiral Alexander Cochrane ta watan Afrilu na 1814, kuma tsoron tawayen bayi yana cikin abin da ya sa jihohin kudu suke ƙyashin tura mutanensu nesa da gida. Mata ma ba su bayyana ba sai a fayilolin fensho, a matsayin matan mamata.

Na biyar, takardun fensho tsofaffi ne suka cika su bayan shekara 50 ko fiye, suna kuma neman kuɗi, saboda haka sai a gwada maganarsu da rajistar lokacin yaƙi, kamar yadda ma'aikatan fensho da kansu suke yi.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa tsarin sojan gayya ya mai da kowane kira na yaƙi tamkar wata sabuwar ƙuri'a, wadda gwamna zai kaɗa, hafsa ya kaɗa, manomi ma ya kaɗa da ƙafarsa. Majalisa ta ayyana yaƙi da rinjayen jam'iyya ɗaya, amma aiwatar da shi ya buƙaci yardar waɗanda aka kayar. Sakamakon haka shi ne Amurka ba ta ci Kanada ba, yarjejeniyar Ghent kuma ta mayar da kowa inda yake kafin yaƙi, ba ta ko ambaci maganar kwashe matuƙa ba. A cikin gida kuwa, labarin New Orleans da na sulhu ya iso Washington daidai lokacin da manzannin taron Hartford suka zo da buƙatunsu, Jam'iyyar Fedaralis ta sha kunyar da ba ta sake farfaɗowa daga gare ta ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai da ɗalibai masu binciken kowane yaƙi ita ce, bayan an karanta jawabin shugabanni, a nemi takardar magatakarda, a tambaye ta abu huɗu: wa aka kira, wa ya zo, yaushe ya tafi, wa kuma ya biya shi. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna a kan yadda za a gwada wannan hanya a kan sauran yaƙe-yaƙen da aka dogara a cikinsu da mutanen gari.